Likita ya rubuta UTI kawai, gwaji ya nuna E. coli: in ƙara B96.2 da kaina?

Mai_Kati_Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan rikod da likitocin da ke tare da mu. Ina neman shawararku. A asibitinmu muna sa lambar cuta daga ICD-10, littafin lambobin cututtuka na duniya, a foldar duk wanda aka sallama kafin a haɗa rahoton wata. Kusan duk ciwon hanyar fitsari N39.0 muke ba shi, domin haruffa uku kawai likita ke rubutawa, UTI, ya sa hannu. Yau wata folda ta zo hannuna, mace ce da aka kwantar kwana huɗu. A takardar sallama an rubuta UTI. A bayan foldar kuma an maƙala sakamakon kalca, wato gwajin da ake shuka fitsari don a ga ƙwayar da za ta tsiro, ya nuna ƙwayar E. coli ƙarara, har da jerin magungunan da ke kashe ƙwayar da waɗanda ba sa yi mata komai. A littafin, ƙarƙashin N39.0 an ce ana iya ƙara lamba ta biyu don a nuna ƙwayar cutar. To zan iya ƙara B96.2, lambar E. coli, tunda ga shi a takarda, ko sai likita ya rubuta da hannunsa? Shugabanmu ya ce in ƙara, abokin aikina ya ce ba hurumina ba ne.

Ummu_Khairi:
Wa alaikumus salam. Abokin aikinka ya fi gaskiya. Mu ba ma gano cuta, abin da likita ya rubuta muke sa wa lamba. Ka mayar masa da foldar ya ƙara layi ɗaya.

DanBorno_HIM:
Ni kuwa ban ga laifin ƙarawa ba. Likita ya riga ya ce ciwon fitsari ne, shi ya tura gwajin, gwajin fitsarin matar ne, sunanta ne a takardar. Ba wata sabuwar cuta ka ƙirƙiro ba. Idan za mu jira sai likita ya rubuta sunan ƙwaya, shekara za ta ƙare ba a ga B96 ko ɗaya a rajistarmu ba.

Sadauki_Houston:
Malam, tambayar farko ita ce wane littafi kuke aiki da shi. Yawancin rigimar da ake yi a kan irin wannan daga nan take tasowa.

A nan Amurka ICD-10-CM muke amfani da shi tun 1 ga Oktoba 2015, kuma ƙa'idarsa a fili take: ba a ɗaukar lamba daga takardar ɗakin gwaji. Sai likita ya haɗa biyun da kansa, ya rubuta cewa ciwon fitsarin E. coli ce ta kawo shi. In bai rubuta ba, ana tura masa tambaya a rubuce, tambayar da amsar duka su shiga foldar. In ya amsa, sai a sa N39.0 sannan B96.20. In ban sami amsa ba, N39.0 ita kaɗai nake sawa, ko da sakamakon yana gabana. Wanda ya ƙara da kansa, ranar da masu binciken inshora suka zo shi zai yi bayani.

Dalibi_SHT:
Yaya Sadauki, afuwan, mu B96.2 aka koya mana a makaranta. Daga ina B96.20 ta fito?

Sadauki_Houston:
Ƙanena, malaminku daidai ya koya muku. B96.2 ta littafin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ce. Amurka ta faɗaɗa littafin ta ƙara lambobi a ƙarshe, shi ya sa a wurinmu akwai B96.20 zuwa B96.29. Haka ciwon mafitsara mai zuwa farat ɗaya, a naku N30.0 ne, a namu N30.00 in babu jini a fitsari, N30.01 in akwai. Matsalar ita ce in ka nema a Google, ta Amurka ce ke fara fitowa, sai ka ga mutum a Kano ya kwafi lamba mai tsawo ya sa a fom ɗin da ke jiran ta WHO.

Hajiya_HMO:
Allah Ya saka da alheri da ka faɗi wannan. Ina zaune a teburin duba takardun neman biya da asibitoci ke turo mana, kuma a takarda ɗaya sai ka ga lamba ɗaya ta WHO, ɗaya ta Amurka. Wani abin da nake yawan gani kuma, a sa B96.2 ita kaɗai a matsayin cutar. Ba ta tsayawa da ƙafarta. Duk lambobin B95 da B96 bin wata lamba suke yi, suna cewa ga ƙwayar da ta kawo cutar da aka ambata a sama. In ta zo ita kaɗai, mayar da takardar muke yi.

Abu_Jidda:
Bari in kawo wani ɓangaren, domin kada a ɗauka ƙa'idar Amurka ita ce ta duniya. A Saudiyya ICD-10-AM muke bi, wato gyaran da Ostireliya ta yi. A ƙa'idarsu, mai sa lamba ba zai ɗauko sabuwar cuta daga sakamakon gwaji ba, amma yana iya amfani da sakamakon wajen ƙara fayyace cutar da likita ya riga ya rubuta. Saboda haka foldar ɗan'uwanmu na Zazzau, in a teburina take, N39.0 da B96.2 zan sa ba tare da fargaba ba, muddin fitsarin na wannan kwanciyar ne. Abin da DanBorno ya faɗa yana da tushe.

Ummu_Khairi:
To mu a Najeriya wacce ƙa'ida muke bi? A makaranta littafin WHO mai juzu'i uku aka ba mu, a ƙarƙashin N39.0 kuma cewa ya yi a ƙara lambar ƙwaya "in ana so". Bai ce wa zai yanke hukunci ba. Ni dai na fi samun natsuwa in likita ya rubuta.

Masanin_Lab_KT:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗakin gwaji, domin duk kuna ɗaukar takardarmu kamar ba ta taɓa ɓata.

Fitsarin da ake so a yi wa kalca na tsakiya ne, mutum ya tsabtace gabansa, ya saki na farko ya zube, ya tari na tsakiya a kwalba mai tsabta. Kuma ya iso mana cikin kamar awa biyu, ko a sa shi a firji. Ku faɗa mini a asibiti nawa ake yin haka? Ana ba majinyaci kwalba ba bayani, ya tara da asuba, ɗan jinya ya riƙe a aljihu cikin zafin Afrilu har azahar yana layin biyan kuɗi. Ƙwayoyi kaɗan da suka shiga daga fata sai su hayayyafa. Ma'aunin da aka saba da shi, ƙwaya 100,000 a kowace mililita, wanda ya samo asali daga aikin Edward Kass a shekarun 1950, da fitsarin da aka tara daidai yake aiki.

Ga kuma maganar "staf". Ƙananan ɗakunan gwaji na cikin gari suna yawan fitar da Staphylococcus aureus a fitsari, mutane su tsorata su je su kashe kuɗi a kan magani. Sau da yawa daga fata ta shiga kwalbar. In mai sa lamba ya ga wannan ya rubuta B95.6 da kansa, ya sa ƙarya a rikod. Likitan da ya ga majinyacin shi ne zai ce wannan ƙwayar ita ce mai laifi ko baƙuwa ce. E. coli zalla a mace mai zafin fitsari, da wuya a yi kuskure. Amma in kuka buɗe ƙofar don E. coli, sauran ma ta nan za su shigo.

DanBorno_HIM:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Malam. Amma ka ga kai ma ka ce E. coli zalla da wuya a yi kuskure.

Dr_Gwarzo:
Kafin a ci gaba da maganar ƙwaya, ina da tambaya ga mai tambayar. Me ya sa aka kwantar da matar kwana huɗu? Ciwon mafitsara na yau da kullum ba a ba shi gado, ƙwayoyi ake rubutawa mace ta tafi gida. Duba bayanin ranar farko ka gaya mana: akwai zazzaɓi? Ciwon kwiɓi? Amai? Wane magani aka ba ta, ta baki ko ta jijiya?

Mai_Kati_Zazzau:
Likita, na duba. Zafin jiki 39.2 ranar da ta zo, rawar sanyi, amai, ciwo a kwiɓin dama in an bubbuga. An sa mata ruwa, an yi mata allurar ceftriaxone ta jijiya.

Dr_Gwarzo:
To ka ga inda babbar matsalar take. Wannan bayanin ya fi kama da ciwon da ya hau ƙoda, kuma in likitanta ya tabbatar da haka lambarsa N10 ce. N39.0 na nufin akwai ciwo a hanyar fitsari amma ba a faɗi wurin ba. Kuna ta muhawara a kan lamba ta biyu alhali ta farkon ce ke da rauni. Ba zan yanke hukunci a kan majinyaciyar da ban gani ba, kai ma kada ka canza da kanka. Amma in za ka koma wurinsa, tambaya biyu za ka yi masa: a ina ciwon yake, kuma wace ƙwaya ce.

Hajiya_HMO:
Likita ya taɓo abin da ke jawo mana rigima da asibitoci kullum. Takarda ta zo da N39.0, a ƙarƙashinta kuɗin gado na kwanaki, ruwa leda shida, allurai. Dole in tambaya, domin cutar da aka rubuta ba ta kai maganin da aka bayar ba. Asibiti ya ce muna hana su haƙƙinsu. Da an rubuta ciwon ƙoda tun farko da ba wanda zai ce uffan. Tun da aka sa hannu a dokar NHIA, ta hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, a 2022 mutane na ƙara shiga inshora, irin wannan gardamar ƙaruwa za ta yi.

Dr_Gwarzo:
Ba na musun cewa muna taƙaita rubutu. Amma a yi mana adalci kaɗan. Likita ɗaya a ɗakin ganin marasa lafiya, layi har waje. Sannan sakamakon kalca yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, sau da yawa an riga an sallami mutum, an rubuta takardar sallama, sannan takardar gwaji ta iso a maƙala ta a baya. Likitan bai ma gan ta ba. Ta yaya zai rubuta E. coli?

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Na yi aikin rikod tun lokacin da ake amfani da ICD-9, ciwon fitsari 599.0 muke rubuta masa. Abin da Dr Gwarzo ya faɗa shi ne dalilin da ya sa bai kamata ka ƙara lambar kai kaɗai ba, ɗana na Zazzau, kuma ba don tsoron mai bincike ba. In likita bai ga sakamakon ba, wataƙila matar ta tafi gida da maganin da takardar ta ce ba ya kashe ƙwayar. Kai ne mutum na ƙarshe da ya riƙe takardun biyu a hannu ɗaya. In ka sa B96.2 ka rufe foldar ka ajiye a kanta, rikod ya yi kyau, matar kuma tana can. In ka kai masa, zai duba maganin da ya sallame ta da shi.

A zamaninmu ƙaramar takarda muke maƙalawa a gaban foldar, mu rubuta tambayar da ladabi, mu kai ranar zagayen babban likita. Ba ma gaya masa amsar da muke so. Mukan ce ga abin da ke shafi na kaza, ga abin da ke takardar sallama, don Allah a fayyace. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, yawancinsu godiya suke yi.

Ummu_Khairi:
Allah Ya ƙara lafiya, Baba. Wannan ya fi abin da na faɗa.

Sista_Ungozoma:
Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. A ɗakin awon ciki ma N39.0 nake ganin ana sawa mata masu juna biyu. Daidai ne?

Abu_Jidda:
A'a Sista. Mai juna biyu babin O take shiga. O23.0 in ƙoda ce, O23.1 in mafitsara ce, O23.4 in ba a faɗi wurin ba. In bayan haihuwa ne ya same ta, O86.2. Jariri sabon haihuwa kuma P39.3. Shi ya sa abu na farko da nake dubawa a foldar mace shi ne ko tana da ciki.

Sista_Ungozoma:
Na gode. Dalilin tambayata, mai ciki ko ba ta jin komai, in aka ga ƙwayoyi a fitsarinta ana ba ta magani, domin yana iya hawa ƙoda ko ya jawo haihuwa kafin lokaci. WHO ma a shawarwarinta na awon ciki na 2016 ta ce a ba da na kwana bakwai. In duk muna zuba su a N39.0, ba wanda zai san yawan masu cikin da abin ke samu a wurinmu.

Sadauki_Houston:
A namu littafin har sai an faɗi zangon cikin, O23.41, O23.42 ko O23.43, sannan a ƙara lambar Z3A ta makonni. Wanda ba shi da ciki kuma, aka ga ƙwayoyi a fitsarinsa amma ba ya jin komai, R82.71 ne, ba a kiransa ciwon fitsari. Tsofaffi da yawa haka suke, kuma galibi ba a ba su magani.

Na_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Nan CIM-10 muke ce wa littafin, lambobin ɗaya ne da na WHO, N39.0 ɗin dai ita ce. Gwajin kalcar fitsari kuma ECBU ake rubuta masa. Amma a gidajen likita na ƙauye babu wannan gwajin sam, in an samu ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari an gode Allah. Saboda haka lamba ta biyu ba ta ma taso ba. Abin da ya fi damuna shi ne yara maza masu fitsarin jini da ake rubuta musu ciwon fitsari a ba su maganin bakteriya, alhali tsargiya ce daga wankan tabki.

CHO_Kura:
Wallahi Na_Maradi ka faɗi gaskiya. Mu da ke yankin noman rani kullum muna gani. Yaro ɗan shekara goma, jini a ƙarshen fitsari, yana shiga ruwan kwata ko fadama, wannan sai an nemi ƙwan tsutsa a fitsarin. Lambarsa B65.0, maganinsa praziquantel. In aka rubuta UTI an cuci yaron, kuma rahoton da ke hawa sama zai nuna kamar babu tsargiya a garin.

Haka matan da ke zuwa su ce "sanyi ke damuna". Wata zafin fitsari ne, wata ƙaiƙayi da farin ruwa, wata ciwon mara, wata mijinta ne ya kawo mata cuta. In mai dubawa bai tsaya ya tambaya ba, sai ya rubuta UTI ga dukkansu. Ai ba lamba ɗaya ba ce, kuma ba magani ɗaya ba.

Dalibi_SHT:
To in likita ya rubuta alamar tambaya a gaba, "?UTI", me za a sa? A asibitin da nake sanin makamar aiki rabin katunan haka suke.

Sadauki_Houston:
A wurinmu ya danganta. Wanda aka gani ya tafi gida, ba a sa wa zato lamba, alamomin ake sawa: R30.0 zafin fitsari, R35.0 yawan fitsari. Wanda aka kwantar kuma, in har ranar sallama zaton ne a rubuce, ana sa masa lamba kamar an tabbatar.

Baba_Mai_Ritaya:
A juzu'i na biyu na littafin WHO, in an gama duba mutum kuma babban ciwon yana nan a matsayin zato, babu wani ƙarin bayani, cewa aka yi a sa masa lamba kamar an tabbatar. Ɗalibi, ka buɗe juzu'i na biyun ka karanta da kanka. Juzu'i na ɗaya da na uku kawai mutane suke taɓawa.

Nas_ICU_Kano:
Ba wanda ya yi maganar robar fitsari. Majinyaci ya kwana goma da roba, zazzaɓi ya taso, kalca ta nuna Klebsiella ko Pseudomonas, a rubuta UTI kamar da shi ya zo daga gida. Wannan yana ci mini rai, domin mu ne muke sa robar, mu ne kuma ya kamata mu tuna a cire ta. In ba a rubuta ranar sawa da ranar cirewa ba, ba ta yadda za a san ɗakinmu na da matsala.

Abu_Jidda:
Akwai lambarsa, T83.5, ciwon da na'urar da aka sa a hanyar fitsari ta jawo. Amma a nan ko a ƙa'idarmu ba na haɗawa da kaina. Kasancewar roba a jiki da ciwon fitsari a lokaci ɗaya bai isa ba, sai likita ya rubuta cewa robar ce sanadi. Klebsiella B96.1 ce, Proteus B96.4, Pseudomonas B96.5.

Sadauki_Houston:
Mu T83.511A muke fara sawa, sannan N39.0. Kuma tun Oktoba 2008 Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ta daina biyan ƙarin kuɗi a kan ciwon robar fitsari da aka kama a cikin asibiti, shi ya sa kowace cuta sai an nuna ko da ita mutum ya zo. Wani abin da ke ba mu wahala shi ne likita ya rubuta "urosepsis". Ba ta da lamba a littafinmu. Dole a koma a tambaye shi, cutar ta shiga jini ne ko a hanyar fitsari ta tsaya. In ta shiga jini kuma E. coli ce, A41.51 ce ke zuwa gaba.

DanBorno_HIM:
Mu dawo kan tambayar asali. Har yanzu ina kan bakana, da dalili. Ƙwayoyin nan suna ƙara ƙin jin magani, kowa a nan ya san yadda ciprofloxacin da ake saya a kemis ba takarda ya rage ƙarfi. WHO ta tanadi U82.2 don ƙwayoyi masu ESBL, wato sinadarin da ke karya ƙarfin wasu magunguna. In ba ma sa ko lambar ƙwayar, yaushe za mu kai ga wannan? A ICD-11, da ya fara aiki a Janairu 2022, an ma haɗe su: GC08.0 na nufin ciwon hanyar fitsari da E. coli ta kawo. Nan gaba babu zancen "in ana so".

Ummu_Khairi:
Kuma a lokacin ma sai wani ya yanke cewa E. coli ce ta kawo shi. Haɗe lambar bai ba ka wannan ikon ba, Malam.

Mai_Kati_Zazzau:
Na bi shawarar Baba. Na kai foldar da 'yar takarda. Likitan ya karanta, ya ƙara bayani a ƙasa da kwanan watan yau da sa hannunsa, ya rubuta ciwon ƙoda ne mai tsanani da E. coli ta kawo. Na sa N10 da B96.2. Ya kuma ce a kira matar ta dawo, domin maganin da aka sallame ta da shi yana cikin waɗanda takardar ta ce ƙwayar ba ta jinsu.

Amma ga wata matsalar. Akwai foldoji da yawa na watannin baya a irin wannan halin, kuma waɗanda suka rubuta su likitoci ne masu sanin makamar aiki da 'yan hidimar ƙasa, sun gama sun tafi. Wa zan tambaya?

Dr_Gwarzo:
Babban likitan sashen. Da sunansa aka kwantar da majinyatan, yana da ikon dubawa ya ƙara bayani. Sai dai kada ka kai masa tuli ɗaya, ka ware waɗanda aka kwantar da waɗanda aka yi wa allura ta jijiya tukuna.

DanBorno_HIM:
Babban likitan da bai taɓa ganin majinyacin ba, shi ma takardar gwajin zai karanta, kamar yadda mai rikod zai karanta. A irin waɗannan tsofaffin foldojin ni zan ƙara lambar ƙwayar in sakamakon ƙwaya ɗaya ce zalla, in bar ta farko yadda take.

Masanin_Lab_KT:
In za ka yi haka, aƙalla ka duba ranar da aka karɓi fitsarin da ko an rubuta cewa ƙwayoyi gauraye ne suka tsiro. In gauraye ne, kada ka taɓa.

Hajiya_HMO:
Waɗanda aka riga aka turo mana aka biya, don Allah kada a canza musu lamba a asibiti ba a sanar da mu ba. Rikod biyu za su saɓa.

Ummu_Khairi:
Ni a ganina kwamitin rikod na asibitinku ya zauna ya rubuta ƙa'ida ɗaya, ko irin ta su Abu_Jidda ko irin ta su Sadauki, kowa ya bi. Akwai wanda asibitinsu ke da irin wannan a rubuce ya turo mana mu gani?